Godfrey Hounsfield: Mai Difloma Da Ya Buɗe Wa Likitoci Cikin Jikin Mutum

 A wannan fitowar za mu leƙa ƙasar Ingila ne mu ɗauko tarihin wani injiniya mai suna Godfrey Hounsfield, wanda ya rasu a shekarar 2004. Da yawanmu ba mu taɓa jin sunan ba, amma aikinsa kam mun san shi. Idan ɗan acaɓa ya faɗi a hanyar Kazaure zuwa Daura ya bugu a ka, ko wata dattijuwa a Roni ko Gwiwa ta wayi gari ɓarin jikinta ya shanye, abin da likita zai so gani shi ne hoton ƙwaƙwalwa, wanda a asibiti ake ce wa CT, sau da yawa ma sai an dangana da Kano kafin a samu. To na'urar da ke ɗaukar wannan hoton, Hounsfield ne ya ƙirƙiro ta. Daga irin hotunanta ne kuma a yau ake gina surar jikin mutum sukutum a cikin kwamfuta, da ƙashi da tsoka da hanyoyin jini, a juya ta yadda ake so.

Abin da ya sa muka zaɓo shi ba boyayye ba ne. Mutumin nan bai yi jami'a ba, bai da digiri. Takardarsa mafi girma difloma ce daga wata kwalejin koyon aikin lantarki. Mu da kullum ake yi mana gorin ND da HND, ya kamata mu san labarinsa.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Godfrey Newbold Hounsfield ranar 28 ga Agusta, 1919, a wani ƙauye mai suna Sutton-on-Trent, kusa da garin Newark a yankin Nottinghamshire. Shi ne auta a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa ya koma noma ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, don haka a gona yaron ya buɗe ido. Yayyensa sun ba shi rata sosai, ba su cika jansa cikin harkokinsu ba, sai ya mayar da injinan gona abokan wasansa: injin sussuka, injin ɗaure dami, da janareta. Duk abin da ke juyawa sai ya ga abin da ke juya shi.

Ƙiriniyarsa ma irin ta masu son gwaji ce. Ya taɓa haɗa fukafukai ya riƙa dirowa da su daga saman tulin ciyawar dabbobi, wai yana son ya gane yadda ake tashi sama. Ya taɓa cika gangar kwalta da ruwa ya haɗa ta da irin gas ɗin nan da masu walda ke aiki da shi, don ya ga iya nisan da ruwan zai yi tsiri, saura kaɗan ya hallaka kansa. Ya kuma haɗa na'urar naɗar murya da hannunsa tun yana ɗan saurayi.

A makaranta kuwa, wato Magnus Grammar School da ke Newark, ba a lissafa shi cikin haziƙai ba. In ka cire lissafi da fiziks, sauran darussan duk lallaɓawa yake yi. Ba wanda ya dube shi a lokacin ya hango masa wani abin kirki a fagen ilimi, kuma bai wuce jami'a ba.

Soja da difloma

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, sai ya shiga rundunar sojan sama ta Birtaniya a matsayin ɗan sa-kai. A nan ne ƙofa ta buɗe masa. Rundunar na ba da littattafan koyon gyaran rediyo, shi kuwa ya duƙufa a kansu, ya ci jarrabawar aikin, har aka mayar da shi mai koyar da gyaran na'urar rada, wadda ke hango jirgin sama tun yana nesa. Ya koyar a Landan, daga baya a makarantar rada ta Cranwell. A lokacin hutunsa ya zauna jarrabawar City and Guilds ta fannin sadarwar rediyo ya ci. Iyayenmu da suka yi makarantun koyon sana'a a ƙasar nan sun san wannan jarrabawar sarai.

Ku riƙe maganar rada ɗin nan, domin za ta dawo. Aikin rada shi ne a tura sigina zuwa ga abin da ido ba ya gani, a auna abin da ya dawo, sannan a yi lissafin inda abin yake. Shekaru shida na yaƙi Hounsfield ya yi yana cikin irin wannan tunanin.

Bayan yaƙi, wani babban hafsa mai suna Cassidy, wanda ya lura da ƙwazonsa, ya taimaka masa ya samu tallafin karatu. Da shi ya shiga kwalejin Faraday House da ke Landan, makarantar da ke haɗa karatun aji da aikin hannu a masana'anta, kusan irin tsarinmu na tafiya IT. A nan ya samu diflomarsa ta injiniyan lantarki.

Shekarunsa a EMI

Daga kwaleji sai kamfanin EMI ya ɗauke shi aiki a Hayes, yamma da Landan. Duniya ta fi sanin EMI da faifan waƙa, domin shi ne kamfanin mawaƙan nan na Beatles, amma yana da babban sashen lantarki. Hounsfield ya fara da rada da makamai masu linzami, daga baya hankalinsa ya koma kan kwamfuta. Daga wajen 1958 ya jagoranci ayarin da ya ƙera EMIDEC 1100, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko a Birtaniya da aka gina da taransista zalla, a zamanin da sauran ke aiki da kwalaben lantarki masu zafi da cin wuta.

Aikin da ya biyo baya bai yi albarka ba. An sa shi ƙera wani babban ma'ajin bayanai na kwamfuta, aka yi ta fama, ƙarshe kamfanin ya ga ba zai sayu ba, aka watsar. Mutum ya doshi shekara hamsin, ga aikinsa ya rushe. Sa'ar da ya yi ita ce ba a sallame shi ba, sai aka ce ya je ya yi tunanin wani abin da zai amfani kamfanin. Ya koma nazarin yadda kwamfuta za ta riƙa gane siffofi da kanta. Mutum ne mai son doguwar tafiya a ƙafa a bayan gari, kuma a cikin irin wannan yawon ne, a 1967, tambayar ta faɗo masa: idan aka rufe abu a cikin akwati, aka haska akwatin da eksire ta kowace kusurwa, aka auna hasken da ya fita ta ɗaya ɓangaren, shin kwamfuta za ta iya lissafo siffar abin da ke ciki?

Matsalar da ya tarar

Tun 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus. Amma hoton eksire inuwa ce kawai. Ƙashi da tsoka da duk abin da hasken ya ratsa suna taruwa a kan faranti ɗaya, wani a kan wani. Karaya tana fitowa ras, amma ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai, ƙashi ya rufe ta ko'ina, kuma taushinta kusan ɗaya ne da na ƙarin da ke iya tsirowa a cikinta. Kafin CT, in likita yana son ganin cikin kai, ɗaya daga cikin dabarun shi ne a zuƙe wani ɓangare na ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ta gadon baya, a ɗura iska a madadinsa, sannan a yi ta jujjuya maras lafiya ana ɗaukar hoto. Ciwon kai da amai da ke biyo baya sai wanda ya gani. Wani lokacin ma sai an buɗe kan kafin a san me ke ciki.

Dabarar Hounsfield ita ce a daina kallon kai gaba ɗayansa, a ɗauke shi yanka-yanka kamar burodi, a lissafo kowane yanki shi kaɗai. Bari mu gwada da ƙaramin misali, ɗauko biro. Zana akwati mai gida huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa, kowane gida da lambar da ba ka sani ba. An gaya maka jimlar layin sama 3 ce, ta layin ƙasa 7, ta ɓangaren hagu 4, ta dama 6. Za ka iya cewa lambobin su ne 1 da 2 a sama, 3 da 4 a ƙasa. Amma 0 da 3 a sama, 4 da 3 a ƙasa, su ma sun cika sharuɗɗan. Ka ga ke nan kusurwa biyu ba su isa ba. Da zarar an ƙara maka cewa jimlar gidan hagu na sama da gidan dama na ƙasa 5 ce, amsa ta zama ɗaya tak. To haka CT take. Kowane gida ɗan guntun jiki ne, lambarsa ita ce yawan hasken da yake shanyewa, kowace jimla kuma awo ɗaya ne da na'ura ta yi daga wata kusurwa.

Bambancin kawai shi ne yawa. Na'urarsa ta farko ta raba yanki ɗaya gida 80 a tsaye, 80 a kwance, wato gida 6,400 da ake neman lambobinsu. Tana yin awo 160 a kusurwa ɗaya, ta juya digiri ɗaya ta sake, har sau 180, jimla awo 28,800. Ba mahalukin da zai warware wannan da hannu. Kwamfuta ce ke fara cinta, ta gwada da awon gaskiya, ta gyara, ta sake gwadawa, har lissafin ya daidaita. Sai da aka samu mutumin da ya san rada, ya san kwamfuta ciki da waje, sannan abin ya yiwu.

Gwaji a kan gadon inji

Kuɗin da aka ba shi na gwaji kaɗan ne. Sai ya samo gadon wani tsohon injin feƙe ƙarfe, irin wanda 'yan sashen kanikanci ke aiki da shi a wokshop, ya ɗora sinadarin amerishiyam mai fitar da haske mai ratsa jiki a gefe ɗaya, na'urar awo a ɗaya gefen, abin gwaji a tsakiya. Hasken ba shi da ƙarfi, don haka sai da aka yi kwana 9 ana tattara awo na hoto ɗaya, kwamfuta kuma ta ƙara awa biyu da rabi tana lissafi. Amma hoton ya fito. Da aka sauya sinadarin da kwalbar eksire, kwana 9 ya dawo awa 9.

Da farko likitoci da dama ba su ga abin a-zo-a-gani a ciki ba. Ma'aikatar lafiya ta Birtaniya ce ta shigo da tallafi, ta kuma haɗa shi da Dakta James Ambrose, likitan hoto a asibitin Atkinson Morley da ke Wimbledon, asibitin da ya ƙware a aikin ƙwaƙwalwa. Sun fara da ƙwaƙwalwar mutum da aka adana cikin sinadari, hoto ya yi kyau, sai suka lura sinadarin ne ya ƙara fito da bambancin. Suka koma ɗanyar ƙwaƙwalwar shanu, Hounsfield da kansa yake sayowa wurin mahauta ya ratso Landan da ita. Nan ma aka samu cikas, domin a can akan daki saniya a ka ta suma kafin a yanka, jini ya taru a ƙwaƙwalwar ya ɓata hoton. Sai suka koma sayen kan shanu wurin mahautan Yahudawa, waɗanda ke yanka da wuƙa ba tare da sumar da dabba ba, kamar dai yadda ake yi a kwatar garinmu. A nan ne sassan ƙwaƙwalwar suka fito sarai.

Ranar 1 ga Oktoba, 1971

A wannan rana aka kwantar da maras lafiya ta farko a na'urar da aka girka a Atkinson Morley, wata mata da ake zargin tana da ƙari a gaban ƙwaƙwalwa. An sa kanta cikin wata hular roba da ruwa ya kewaye, domin ruwan ya daidaita hasken da ke ratsawa. Ɗaukar awon ya ci minti huɗu zuwa biyar, sannan aka kwashi bayanan zuwa wurin babbar kwamfuta. Da hoton ya dawo, ga wani baƙin da'ira nan a fili. Likitan fiɗa ya buɗe kan, ya tarar da ƙarin daidai inda hoton ya nuna.

A watan Afrilun 1972 aka bayyana na'urar a taron likitocin hoto na Birtaniya, a ƙarshen shekarar kuma aka nuna ta a babban taron Chicago a Amurka. Zuwa 1973 manyan asibitocin Amurka irin su Mayo Clinic sun girka tasu. Hounsfield bai tsaya a kai ba, ya ci gaba da ƙera wadda za ta ɗauki jiki duka. A 1975, a wani taro a tsibirin Bermuda, ya nuna hoton yankin cikin mutum, kuma cikin nasa ne, domin shi ya shiga na'urar da kansa.

Lambobin yabo, da wani ɗan Afirka

Daga nan girmamawa ta yi ta zuwa. A 1975 aka zaɓe shi ɗan ƙungiyar Royal Society, ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Birtaniya. A 1979 aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci, a 1981 kuma Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sir.

Kyautar Nobel ɗin raba ta aka yi tsakaninsa da Allan Cormack, masanin fiziks haifaffen Johannesburg a Afirka ta Kudu. A 1956 Cormack ya yi aikin wucin gadi a asibitin Groote Schuur da ke Cape Town, inda ya ci karo da wannan tambayar ta yadda za a san abin da haske ya ratsa a cikin jiki. Ya warware lissafin, ya wallafa a 1963 da 1964 bayan ya koma jami'ar Tufts a Amurka, amma kusan ba wanda ya kula. Kafin shi ma, wani masanin lissafi ɗan Ostiriya, Johann Radon, ya shimfiɗa tushen lissafin tun 1917. Hounsfield bai san da aikin ko ɗayansu ba lokacin da yake nasa. Lissafin ya yi shekara hamsin yana kwance a takarda, sai da mai aikin hannu ya zo sannan ya zama na'urar da ke ceton rai. Wani abin lura kuma, daga Hounsfield har Cormack ba likita a cikinsu, ba kuma mai digirin digirgir.

Shi kuwa kamfanin EMI bai ci moriyar abin yadda ya kamata ba. Manyan kamfanonin kayan asibiti irin su General Electric da Siemens sun shigo da na'urori masu sauri, ga su da ma'aikatan gyara da dillalai a ko'ina. EMI ya fara tafka asara, a 1979 ya haɗe da kamfanin Thorn, a 1980 kuma aka sayar wa General Electric da sashen na'urar.

Daga yanka-yanka zuwa mutum a kwamfuta

Sunan Hounsfield yana nan a kowane hoton CT da ake ɗauka a duniya, domin da ma'auninsa ake auna kowane ɗigo. A ma'aunin Hounsfield ruwa 0 ne, iska -1000, kitse wajen -100, tsoka da sauran sassa masu taushi 'yan gomomi sama da sifili, ƙashi mai tauri kuwa yakan kai 1000 har ya wuce. Waɗannan lambobin su ne mabuɗin gina jiki a kwamfuta.

Ga yadda ake yi. Na'urar yau tana fitar da yanka ɗaruruwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, kowanne gida 512 sau 512, kaurinsa kan gaza milimita ɗaya. Ana adana su a tsarin fayil da ake kira DICOM. Idan aka jera yankan wani a kan wani, kowane ɗigo ya zama ɗan tubali mai tsawo da faɗi da kauri, wanda ake ce wa boksel. Daga nan sai tacewa: ka ce wa manhaja ta ware duk tubalin da lambarsa ta kai ta ƙashi, sai ga ƙwarangwal ya tsaya shi kaɗai. Hanta da ƙoda sun fi wuya domin lambobinsu na kusa da juna, sai an haɗa da idon gwani ko manhaja mai koyo. Mataki na gaba shi ne a lulluɓe abin da aka ware da ragar ƙananan alwatika dubbai. William Lorensen da Harvey Cline na General Electric ne suka fito da shahararriyar dabarar yin haka a 1987. Sai a goge kaushin ragar, a sa mata launi. Da wannan likita zai iya gwada fiɗa kafin ya taɓa maras lafiya, a auna ƙarfen da za a sa a ƙashi daidai da jikin mai shi, ko a tura wa injin ɗab'i mai fitar da abu a tsaye ya buga ƙoƙon kan a riƙe a hannu.

A 1994 Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka ya fitar da bayanan wani aiki mai suna Visible Human Project. Gawar wani fursuna ce da aka zartar wa hukuncin kisa a Texas a 1993, wanda ya amince a ba da jikinsa don ilimi. An ɗauke ta da CT da MRI, aka daskarar, aka riƙa kankare milimita ɗaya-ɗaya ana ɗaukar hoto, har yanka 1,871. A 1995 aka fitar da na mace, mai yanka sama da 5,000. Har yau ana koyar da ɗaliban likitanci da waɗannan bayanan. A Masar kuwa, a 2005 aka sa gawar sarki Tutankhamun a na'urar CT, masana suka gina kamannin fuskarsa daga hotunan, bayan shekara fiye da 3,000 da mutuwarsa.

Akwai kuma na'urorin da ke ɗaukar bayan jiki kawai, da hasken leza ko kyamarori masu yawa. Wajen shekarar 2000 wani aiki mai suna CAESAR ya auna mutum kusan 4,400 a Arewacin Amurka da Holan da Italiya ta wannan hanyar. A kan irin waɗannan bayanan ne masu bincike a cibiyar Max Planck ta Jamus suka gina samfurin jiki mai suna SMPL a 2015, wanda masu haɗa fim da wasannin kwamfuta da masu bincike ke amfani da shi. Ku sake duba jerin ƙasashen nan, ba ƙasar Afirka ko ɗaya. Koriya ta Kudu da Sin sun ga irin wannan giɓin, suka yi nasu aikin da jikin mutanensu. Kujerar mota, hular kwano, ƙafar roba, har da lissafin yawan hasken da jiki zai iya ɗauka, duk da irin waɗannan samfura ake auna su. In ba a auna jikin manomin Babura ko matar Gwiwa ba, to da awon wasu za a ci gaba da yi musu ɗinki.

Sai dai aikin yana da haɗari iri biyu. Na farko, hasken CT ya fi na eksire na yau da kullum yawa nesa ba kusa ba, hoton ƙirji ɗaya na CT ya ninka na eksire sau gomomi, shi ya sa ba a yin sa sai likita ya ga dalili. Na biyu, daga hoton kai ana iya fito da fuskar mutum a gane shi, ko da an goge sunansa. Bayanan maras lafiya amana ce, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta shafe su. Ɗalibin da ke son koyo ya yi aiki da bayanan gwaji da aka saki don kowa, kada ya je yana roƙon hoton wani a asibiti.

Halinsa da rasuwarsa

Waɗanda suka yi aiki da Hounsfield sun san shi da kunya da sauƙin kai. Taro da jawabi suna takura shi, ya fi sakewa a ɗakin gwaji. Bai taɓa aure ba. Abin da yake so shi ne yawon duwatsu da kiɗan fiyano, wanda ya koya wa kansa. Ya rasu ranar 12 ga Agusta, 2004, a Kingston upon Thames, yana da shekara 84, saura kwana 16 ya cika 85. Jami'ar Nottingham ta sa wa wata cibiyarta sunansa, inda ake amfani da CT a kalli yadda saiwar shuka ke ratsa ƙasa ba tare da an tone ta ba. Ɗan manomi ne, ga shi aikinsa ya komo gona.

Abin da ya rage gare mu

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe karatu ba dole ba ne. Hounsfield ya yi karatu fiye da masu digiri da yawa, a barikin soja, a kwaleji, a bakin aiki, kuma lissafin da muke gudu shi ne jarinsa. Kada kuma mu ce tunda shi ya yi nasara, bambancin da ake nuna wa mai HND wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma ba komai ba ne. A 2021 Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurin soke wannan bambancin, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Ƙungiyar ɗalibai na da haƙƙin ci gaba da bin maganar. Shi ma Hounsfield ai sai da ya samu hafsan da ya nemo masa tallafi, da kamfanin da ya yi haƙuri da shi bayan aikinsa ya rushe, da ma'aikatar da ta sa kuɗi, da likitan da ya saurare shi bai tambayi takardarsa ba.

Namu ɓangaren shi ne idan ƙofar ta buɗe, a same mu da abin nunawa. A asibitocin ƙasar nan na'ura mai tsada takan yi watanni a kwance saboda matsalar wuta ko rashin mai gyara, kuma wannan aikin 'yan lantarki da kanikanci ne. Tace hoto da gina samfuri aikin 'yan kwamfuta ne, ga manhajoji irin su 3D Slicer da InVesalius da Blender kyauta a intanet, laftof mai matsakaicin ƙarfi ta isa a fara. Ga cibiyar koyon fasahar sadarwa a nan Kazaure, ga jami'ar fasaha ta tarayya a Babura, duk wuraren da za a iya haɗa hannu. Masu shirin zaɓen furojet na ƙarshen zango, maimakon a kwafo na bara a sauya suna, me zai hana mutum uku ko huɗu su haɗu su gina ƙashin gwiwa ɗaya daga bayanan gwaji, su kai wa malaminsu ya gani?

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.